Wuƙar 'Yan Caca a Kan Teburin Shugaban Ƙasa: Asalin “The Buck Stops Here”

Ranar 7 ga Janairun 2010, Shugaban Amurka Barack Obama ya tsaya a Fadar White House domin ya yi wa jama'arsa bayanin yadda aka yi wani matashi ɗan Najeriya ya hau jirgin sama daga Amsterdam zuwa Detroit ranar Kirsimeti da abin fashewa ɗinke a cikin kamfai, alhali kuwa makonni kaɗan kafin nan mahaifin yaron da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ya yi gargaɗi a kansa. Bincike ya nuna cewa labarin ya isa hannun hukumomi fiye da ɗaya, har an shigar da sunan cikin babban rumbun bayanan waɗanda ake zargi, amma ba a sa shi cikin jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, ba a kuma soke bizarsa ba. Kowace hukuma ta riƙe guntun labari, ta ɗauka cewa wata ce za ta ɗauki mataki. Obama ya ce gyara kuskuren ya fi damunsa a kan neman wanda za a ɗora wa laifi, sannan ya ƙara da kalmomi biyar da kowane Ba'amurke ya san inda aka aro su: “the buck stops with me.”

Mai fassara zai ce “alhakin yana wuyana,” kuma ya yi daidai. Sai dai fassarar ta haɗiye wani abu da ke cikin jimlar, domin Baturen bai ambaci alhaki ba, bai kuma ambaci wuya ba. Abin da ya faɗa shi ne wani abu mai suna “buck” yana tafe, kuma wurinsa zai tsaya. Jimlar martani ce ga wata tsohuwar karin magana, “pass the buck,” wato miƙa wannan abin ga na kusa da kai, wadda a Turancin yau take nufin zame jiki daga nauyin da ya rataya a kanka ka tura wa wani. Duk biyun daga teburin karta suka fito, kuma wanda ya bi sawunsu zai ga abin mamaki: a wurin da aka haifi maganar, miƙa abin ga na gaba shi ne gaskiya da adalci, riƙe shi kuwa shi ne abin zargi.

Kafin a kai ga teburin, ya kamata a kawar da wani ruɗani da yake kama har Turawan kansu. A bakin Amurkawa “buck” na nufin dala, don haka mutane da yawa suna zaton kuɗi ake miƙawa. Asalin kalmar namijin barewa ne, irin barewar dajin Amurka mai ƙaho mai rassa. A ƙarni na 18, lokacin da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a bakin iyakar da Turawa ke cuɗanya da 'yan asalin ƙasar, fatar barewa ce ma'aunin ciniki, har wani tafinta mai suna Conrad Weiser ya rubuta a littafin tafiyarsa na 1748, a yankin da birnin Pittsburgh yake a yau, cewa za a sayar da gangar barasa a kan “buck” biyar, yana nufin fata biyar. Mafi yawan masana harshe suna ganin daga nan ne laƙabin ya gangaro kan dala a tsakiyar ƙarni na 19. Abin da 'yan karta ke miƙawa shi ma daga jikin dabbar ya fito, amma ta hanyar ƙaho: wuƙa ce mai mariƙin ƙahon barewa, irin wadda mafarauta da masu haƙar zinariya da makiyayan yammacin Amurka suke ratayawa a ƙugu. Akwai masu cewa ƙwayar harsashin farautar barewa ce ake ajiyewa, amma zancen wuƙar ya fi karɓuwa.

Wasan da ake magana a kai shi ne wanda suke kira foka. Ya bayyana a farkon ƙarni na 19 a birnin New Orleans, wanda Faransa ta sayar wa Amurka tare da dukan yankin Louisiana a 1803, kuma da alama sunansa ya samo tushe daga wani wasan Faransawa mai kama da shi. Da farko karta ashirin ake amfani da su, mutum huɗu, kowa biyar. Daga baya aka koma cikakken ƙunshi na karta 52, wasan ya bi jiragen ruwa masu tururi ya haura Kogin Misisipi, ya bi masu neman zinariya zuwa California daga 1849, sojojin ɓangarori biyu na yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 kuma suka yaɗa shi ko'ina da suka yada zango. A waɗannan wurare mutanen da ba su san juna ba ne suke zama a tebur guda, da kuɗi a tsakiya da makami a jiki, ba alƙali kuma a kusa. Malaman coci suna ta wa'azi a kansa, dokokin jihohi da dama sun haramta shi, kamar yadda mai karatu ya san hukuncin caca a Musulunci, amma hani bai hana kalmomin 'yan cacar shiga bakin masu hanin ba.

Babbar barazana a irin wannan tebur ita ce mai rabo. Shi ne yake cuɗa kartar, shi ne yake raba ta, kuma gwanin maguɗi yana iya zaro karta daga ƙasan ƙunshi maimakon sama, ko ya riƙe ta farko da babban yatsa ya ba abokin wasa ta biyu, ko ya yi wa bayan kartar wata alama da farce wadda shi kaɗai yake ganewa. Wani tsohon ɗan caca da ya tuba, Jonathan Green, ya wallafa littafi a 1843 yana tona irin waɗannan dabaru na jiragen Misisipi. Maganin da 'yan wasa suka samo shi ne kada rabo ya zauna a hannun mutum ɗaya: yana zagayawa ta hagu, hannu bayan hannu, wato bayan kowane zagayen wasa, kuma domin kada a yi gardama bayan dare ya yi nisa kuma kwalba ta zagaya, sai a ajiye wuƙa a gaban wanda rabo ya zo kansa. Idan ya gama, ko kuma idan ba ya son yi, sai ya tura ta gaban na kusa da shi. Wannan shi ne bayanin da aka fi ji, kuma shi ne wanda ɗakin adana tarihin tsohon shugaban Amurka Harry Truman yake bayarwa.

Akwai bayani na biyu a cikin tsofaffin littattafan ƙa'idojin karta na Amurka, kuma a ganina shi ne ya fi warware yadda ma'anar ta juya. A wani tsohon salon wasan, wanda ya ci hannun da ya gabata shi ne yake rabo, saboda haka rabo ba ya bin layi. Abin da yake bin layi shi ne zubi, wato kuɗin da dole a sa a tsakiya kafin a raba karta domin a sami abin da za a yi takara a kai. Maimakon kowa ya zuba a kowane hannu, sai mutum ɗaya ya zuba a madadin kowa, hannu na gaba na hagunsa ya zuba, haka har a zagayo. Kusan adashi ne aka kifa shi: a adashi kowa yana zubi, kwasa ce take zagayawa, a nan kuwa zubin ne yake zagayawa, kwasa kuma sai wanda ya ci. To, wuƙar ko mabuɗi ko duk wani ƙaramin abu da aka samu, ita ce take nuna wanda biya ya hau kansa. Wanda take gabansa bashi ne a wuyansa, kuma ba ya rabuwa da ita sai ya zuba. A wannan salon babu wanda yake murnar ganin wuƙa a gabansa, kuma daga nan zuwa ma'anar “nauyin da kowa ke son ya sauke” tafiyar ba ta da nisa. Amma a lura da tsarin: sai ka biya tukuna, sannan ka miƙa.

Shaidar da ta fi fitowa fili game da wannan tana cikin littafin marubucin Amurka Mark Twain mai suna Roughing It na 1872, inda ya ba da labarin zamansa a garuruwan haƙar azurfa na Nevada. Wani ƙato mai suna Scotty Briggs ya je wurin wani matashin limamin coci, sabon zuwa daga makarantar addini ta gabashin ƙasar, domin ya roƙe shi ya yi wa abokinsa addu'ar jana'iza. Scotty ba ya iya magana sai da yaren 'yan karta da na 'yan kwana-kwana, limamin kuma ba ya iya magana sai da Turancin littafi, don haka suka yi ta magana ba mai gane ɗan'uwansa. Da limamin ya zuba masa wata doguwar jimla, sai Scotty ya sosa kai ya ce wannan hannun ya fi ƙarfinsa, “ante and pass the buck,” wato “a zuba, a miƙa wuƙa.” Abin da yake nufi shi ne ya sallama, bai gane ba, a wuce zuwa hannu na gaba. Abubuwa biyu suka fito daga wannan wuri. Na farko, zubi da miƙawa a haɗe suke a bakinsa, kamar yadda littattafan ƙa'ida suka tsara. Na biyu, tun a 1872 an fara fitar da maganar daga tebur ana amfani da ita a hira, amma ko ƙanshin zargi babu a cikinta. Mutum ne yake faɗin ta game da kansa, ba tare da jin kunya ba.

Zargin ya shigo ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da maganar ta bar gidan caca ta shiga ofis da bariki. Wannan shi ne zamanin da gwamnatin Amurka da kamfanonin jirgin ƙasa da rundunar soja suka kumbura suka zama hawa-hawa, kowane ma'aikaci da na samansa, kowace takarda da teburin da za ta wuce. Dalilin juyawar ma'anar, a fahimtata, yana cikin bambancin siffar wuraren biyu. Teburin karta da'ira ne: abin da ka miƙa ta hagu zai dawo maka ta dama, kowa zai ɗanɗana rabonsa, kuma kowa yana kallon kowa. Ofis kuwa tsani ne. Fayil ɗin da magatakarda ya rubuta wa “a duba” ya tura sama ba lalle ya dawo ba, kuma wanda ya tura shi bai zuba ko sisi ba kafin ya tura. Mai buƙata yana tsaye a bakin taga ana yi masa je-ka-ka-dawo, wannan ya ce ba sashensa ba ne, wancan ya ce yana jiran umurni daga sama. Aikin hannun iri ɗaya ne, tura abu gaban wani, amma an cire sharuɗɗa biyun da suka sa ya zama adalci, wato biya kafin miƙawa da tabbacin cewa zai zagayo. Abin da ya rage bayan an cire su shi ne zillewa, kuma wannan ma'anar ce ta tsira har yau, ta kai ga an ƙirƙiro wa mai wannan hali suna daga maganar.

Idan abu yana hawa tsani, dole a yi tambaya ina tsanin ya ƙare. Amsar da ta shahara ita ce ta Harry Truman, wanda ya zama shugaban ƙasa ranar 12 ga Afrilun 1945 bayan rasuwar Franklin Roosevelt, bayan kwana 82 kacal yana mataimaki. Wani abokinsa, Fred Canfil, wanda yake riƙe da muƙamin babban jami'in zartar da umurnin kotunan tarayya a yammacin jihar Misuri, ya ziyarci gidan gyaran hali na tarayya da ke El Reno a jihar Oklahoma, ya ga wani ɗan allo da wannan rubutu, ya nemi shugaban gidan ya sa a yi wa Truman irinsa. Aka yi shi da gilashi mai fenti a kan gindin katako, tsawonsa kimanin inci 13, tsayinsa inci biyu da rabi, aka aika da shi ranar 2 ga Oktoban 1945. A fuskarsa an rubuta “The Buck Stops Here,” wato nan ne wuƙar take tsayawa, a bayansa kuma an rubuta “I'm from Missouri,” wanda kirari ne na mutanen jihar da ake yi wa laƙabi da masu cewa sai sun gani da ido kafin su yarda. Ke nan ba Truman ne ya ƙirƙiri jimlar ba, ya same ta ne a matsayin kyauta, kuma abin lura ne cewa daga gidan da ake tsare masu laifi aka ƙera allon da ya zama taken ɗaukar alhaki a Amurka. Allon yana nan a ɗakin adana tarihinsa da ke garin Independence, kuma Shugaba Jimmy Carter ya taɓa aro shi ya ajiye a ofishinsa.

Truman ya san asalin maganar sarai, domin shi kansa ɗan foka ne tun yana soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma bai daina ba da ya shiga fada. Yakan tara abokai su yi wasa a jirgin ruwan shugaban ƙasa mai suna Williamsburg. A watan Maris na 1946, a cikin jirgin ƙasan da ya kai shi da tsohon firaministan Birtaniya Winston Churchill garin Fulton inda Churchill ya yi jawabinsa na “labulen ƙarfe,” wato shingen da ya ce ya raba Turai tsakanin ɓangaren Tarayyar Sobiyat da na Yamma, karta suka kwana yi, kuma waɗanda suka halarta sun ruwaito cewa baƙon ne ya sha kashi. Mutumin da ya san wasan haka ya san wani abu da masu maimaita jimlar a yau ba su cika sani ba, wato cewa kujerar mai rabo ita ce mafi daraja a tebur. Mai rabo shi ne na ƙarshe da zai yi magana a zagayen caca, bayan ya ga wanda ya ƙara kuɗi da wanda ya ja da baya da wanda hannunsa ya yi rawa. Har yau a gidajen caca, inda ma'aikacin gidan ne yake raba karta, ana zagaya wani ɗan faifan roba fari a gaban 'yan wasa domin ya nuna wanda yake da wannan matsayi, kuma ƙwararru sun san cewa a wannan kujera aka fi cin kuɗi. Don haka wanda ya ce wuƙa a gabansa za ta tsaya ya faɗi abu biyu a numfashi ɗaya: ya ɗauki nauyi, ya kuma yi iƙirarin cewa shi ne mai magana ta ƙarshe. A teburin karta, wanda ya dafe wuƙa ya ce ba za ta wuce shi ba, ba za a yaba masa ba, tashi za a yi a kansa.

Wannan fuska ta biyu ita ce Truman ya fi jaddadawa idan ya yi bayanin allon. A jawabinsa a Kwalejin Yaƙi ta Ƙasa ranar 19 ga Disamban 1952 ya ce abu ne mai sauƙi ɗan kallo ya faɗi abin da ya kamata koci ya yi bayan an tashi daga wasa, amma idan magana ta zo gabanka dole ka yanke. A jawabinsa na ban-kwana a Janairun 1953 ya maimaita cewa shugaban ƙasa, ko wane ne shi, dole ya yanke hukunci, ba shi da wanda zai miƙa wa, kuma babu mai yanke masa. A nan ne maganar ta rabu da karin maganarmu da take kama da ita, “babba juji ne.” Tamu tana horon shugaba da haƙuri a kan sharar da za a zuba masa, da laifinsa da wanda ba nasa ba. Ta Truman ba haƙuri take nema ba. Tana cewa ne idan mashawarta sun gama, ministoci sun rabu biyu, janar-janar sun kawo taswira, akwai mutum ɗaya da zai ce a yi ko a bari.

Abin da ya ba jimlar nauyi a bakin Truman shi ne irin hukunce-hukuncen da suka tsaya a gabansa, da kuma yadda bai taɓa neman raba su da kowa ba, ko da waɗanda tarihi yake ci gaba da tuhumarsa a kansu. An jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, aka jefa na biyu a Nagasaki ranar 9. A cikin watan Oktoban da allon ya iso, masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin, Robert Oppenheimer, ya shiga ofishinsa ya ce yana jin akwai jini a hannunsa. An ruwaito cewa Truman ya fusata, ya ce jinin a hannunsa shi yake, ya kuma gaya wa na kusa da shi kada a sake kawo masa mutumin. Ana iya karanta wannan a matsayin taurin zuciya, kuma akwai gaskiya a hakan, domin amsa alhakin kashe dubban farar hula ba ya wanke kisan. Amma ya nuna cewa a wurinsa alhaki ba abin rabawa ba ne, har ma yana kishin wani ya taya shi ɗauka. Haka kuma ranar 11 ga Afrilun 1951, ana tsakiyar yaƙin Koriya, ya tuɓe Janar Douglas MacArthur, babban kwamandan yaƙin kuma ɗaya daga cikin sojojin da suka fi farin jini a ƙasar, saboda yana fito-na-fito da manufar gwamnati a bainar jama'a. MacArthur ya dawo gida aka yi masa tarbar gwarzo, ya yi jawabi a gaban majalisa, wasu 'yan majalisar suka fara zancen tsige shugaban. Zuwa Fabrairun 1952 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 22 cikin ɗari kawai suke goyon bayansa, kuma a ƙarshen Maris ya sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba. A yaren teburin, ya zuba.

Duk da haka, a shekarar nan ta 1952 aka nuna masa cewa allon ya faɗi fiye da abin da tsarin mulkin ƙasar ya yarda da shi. Ma'aikatan masana'antun ƙarfe suna shirin yajin aiki, shi kuma yana ganin hakan zai katse makamai ga sojojin da ke Koriya, sai ya ba da umurni ranar 8 ga Afrilu gwamnati ta karɓe masana'antun, ba tare da wata doka daga majalisa ba. Kamfanonin suka kai ƙara, kuma ranar 2 ga Yuni Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai shida a kan uku, cewa shugaban ƙasa ba shi da wannan iko. Truman ya mayar da masana'antun, yajin aikin kuma ya ɗauki kwana 53. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Amurka sun raba iko tsakanin majalisa da kotu da shugaba ne bisa irin tunanin da ya sa 'yan karta suke zagaya rabo, wato kada a amince wa hannu ɗaya da ƙunshin duka. Saboda haka jimlar gaskiya ce a cikin ɓangaren zartarwa, inda minista da janar duk a ƙarƙashin shugaba suke, amma da zarar an fita daga nan sai ta zama iƙirarin da kotu za ta iya rushewa.

Magadan Truman sun gaji jimlar, kuma a hannunsu ta sake yin wata juyawar. Ranar 30 ga Afrilun 1973, Shugaba Richard Nixon ya fito a talabijin kan badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi a ofishin jam'iyyar adawa da yunƙurin rufe maganar, ya ce a kowace ƙungiya na sama ne yake ɗaukar alhaki, don haka ya amsa. A cikin wannan jawabin ne kuma ya sanar da saukar manyan hadimansa biyu, H. R. Haldeman da John Ehrlichman, yana nuna kamar shi ma labarin bai daɗe da isa gare shi ba. Sai da faifan hirarrakin da aka naɗa a ofishinsa ya fito ya yi murabus a Agustan 1974. Ranar 16 ga Agustan 2021, kwana ɗaya bayan Taliban ta shiga Kabul, Joe Biden ya ce shi ne shugaban Amurka kuma wuƙar a gabansa take tsayawa, amma kafin ya kai ga wannan jimla ya riga ya ambaci yarjejeniyar da ya gada daga wanda ya gabace shi, da shugabannin Afganistan da suka tsere, da sojojinsu da ya ce sun ƙi yin yaƙi. Wasu daga cikin abin da ya lissafa gaskiya ne, sai dai laifi tudu ne, kuma mai sauraro yana ganin inda mai magana ya taka da inda ya hango. Donald Trump kuwa, da 'yan jarida suka tambaye shi a Janairun 2019 ko alhakin rufe ma'aikatun gwamnati, wanda ya ɗauki kwana 35, a kansa yake, sai ya ce wuƙar tana tsayawa ne a gaban kowa da kowa. An yi masa dariya, amma a cikin su duka shi ne ya fi kusa da bayyana yadda jimlar take aiki a yanzu.

Abin da ya sa furta ta ya yi arha yana da alaƙa da tsarin shugaba mai wa'adi, irin wanda Najeriya ma ta ɗauka daga Amurka a 1979. Shugaban da aka zaɓa na shekara huɗu yana iya cewa “alhakin nawa ne” da safe ya ci gaba da aikinsa da rana, domin babu abin da furucin yake jawowa kai tsaye: ba murabus, ba tara, ba ƙuri'ar yanke ƙauna. Sau da yawa ma amfanin jimlar shi ne rufe tambaya, domin idan na sama ya ce shi ne, ɗan jarida ba ya da sauran dalilin tambayar wane jami'i ne ya ga rahoton ya ajiye shi a aljihun tebur. Obama bai sanar da korar kowa ba a jawabin nan na Janairun 2010, kuma za a iya kare hakan da cewa matsalar ta tsari ce, amma sakamakon shi ne alhakin ya hau can sama inda ba a biyan komai. A tsarin firaminista irin na Birtaniya akwai tsohuwar al'adar cewa minista yana amsa laifin ma'aikatarsa da kujerarsa, ko da yake su ma ba kullum suke cika ta ba. Da Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland ranar 2 ga Afrilun 1982 ba tare da ma'aikatar harkokin waje ta hango ba, ministanta Lord Carrington ya ajiye aiki bayan kwana uku, duk da cewa Firaminista Margaret Thatcher ta so ya zauna, kuma kwamitin binciken da aka kafa daga baya bai ɗora wa gwamnatin laifin mamayar ba.